Ta Kumashi

Tun ina ƙarama na san muna da yaya a Gana, irin sanin da yaro ke yi wa rijiyar bayan ɗaki da aka hana shi leƙawa. Baba bai taɓa ambaton sunanta ba. Ita ce 'yar farinsa, mutanen zamaninsu kuwa ko da wuƙa a wuya ba sa kiran sunan ɗan fari. Inna da abokiyar zamanta "ta Kumashi" suke cewa, shi ma sai sun waiga sun ga ba ya kusa. Abin da muka sani bai cika cokali ba: ranar Asabar aka haife ta, ba a yaye ta ba ya baro ta, uwarta Badagomba ce.

Mu Agalawa ne, goro muka gada. Kakanmu yana ɗan saurayi ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, su ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗi da jar fata, su yi watanni suna sauka zango-zango, su komo da goro. A lokacinsa kasuwar Salaga ta riga ta watse tun yaƙin 1892, ciniki ya gangara kudu, har ƙanensa ya yi zamansa a Kumasi cikin Tonawa, wato Ashanti. Wajen wannan baffan nasa aka tura Baba yana ɗan shekara goma sha. A can ya koyi ɗaurin huhu, ya san marsa daga minu, ya yi jari, ya yi aure. Har ya tsufa idan ya ɓare goro ya kai hanci zai gaya maka ko daushe ne ko sabo, kuma bai taɓa cewa Kumasi ba, sai Kumashi.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Wa ke da takarda a zango, unguwar baƙi? Mutanen da kakanninsu suka zo a ƙafa tun kafin a shata iyaka. Baba ya karyar da kayansa, ya bar bashi a hannun mutane, ya hau akori-kura ta Togo da Dahome ya dawo Najeriya ana tsakiyar yaƙin basasa. Surukinsa ya ce 'yarsa 'yar ƙasa ce, ba za ta bi miji cikin wannan turmutsitsi da goyo ba, idan ƙura ta lafa ya dawo ya ɗauke su. Bai koma ba. Ya fara tallar goro a faifai, a 1971 ya auri Inna, daga baya Allah ya buɗa masa har ya yi rumfa a kasuwar goro ta Mariri a Kano.

Sau ɗaya na ga abin ya fito fili. A 1983 da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, ina aji uku, malaminmu na lissafi ɗan Gana ne. Unguwa ana ta shewa, wai an rama. Baba ya aika aka kira malamin, ya adana masa keken ɗinkin matarsa a zaurenmu, ya cusa masa kuɗin mota a aljihu, sannan ya shige ɗaki bai fito ba sai magariba.

Ya rasu a 2011. Malamin da ya zo rabon gado ya tambaya ko akwai wani magaji da ba ya nan, zaure ya yi tsit, sai Gwaggo ta ce daga bayan labule, "Akwai ta Kumashi." Aka fitar mata da kason 'ya mace, rabin na namiji, aka damƙa wa Yaya Babba amana har a gano ta. Babu wanda ya tashi nema. Ni ma ban tashi ba, kada in ɗora wa maza laifi su kaɗai. Ina koyarwa, ina renon yara, kuma gaskiya na saba da ita a matsayin labari.

A farkon 2023 maigidana ya rasu. Inna ta tare a gidana don ta taya ni zaman takaba. Wanda bai yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki ba bai san tsawon dare ba. Wani dare bayan shafa'i da wutiri ta ce in janyo mata adakarta. Daga can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan aurenta, ta zaro wata takarda da ta yi launin ƙasa, ninki huɗu, rubutun ajami da tawadar allo. Ta ce, "Karanta, ke kika iya."

Daga fatoman Baba ce, maigidan da yake saukar da fatake a zango. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce iyali suna lafiya, yarinya ta yi wayo har tana tambayar ubanta, surukinka ya ce ko ka zo, ko ka aiko da takardarta ta san matsayinta.

Inna ta ce wani ɗan kasuwa ne ya kawo ta hannu da hannu a 1972, Baba ya tafi Ikko sayen goro, ita kuma tana da tsohon cikin Yaya Babba. Ta ba wani almajiri kwabo ya karanta mata. Ta ce, "Shekarata goma sha bakwai. Na ji tsoro ya tafi ya bar ni kamar yadda ya bar waccan." Ta ɓoye. Ya rayu shekara talatin da tara bayan nan tana kallonsa, ba ta iya faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce ba ta son ta shiga kabari da wannan takarda a ƙarƙashin kanta.

Da na fita takaba na tara 'yan'uwa na ce zan tafi. Maganar takarda ban yi ba, na ce dai amana ta daɗe. Yaya Babba ya ce mace mai shekara 48 ta kama hanyar ƙasa uku ba muharrami, me mutane za su ce? Na ce to ya shirya mu tafi tare. Ya ce kasuwa. Ƙanena ya ce ofis. Ɗana yana bautar ƙasa a kudu. Na san akwai masu karanta wannan da za su ce ban kyauta ba, malaminmu na Islamiyya ma bai sa mini albarka da baki buɗe ba. Na yi istihara na sayi tikiti.

Kuɗin kuwa, Yaya ya ƙirgo su daidai yadda aka ba shi a 2011, ko sisi bai ci ba, ko sisi bai ƙara ba. Lokacin da aka ba shi dala ba ta kai naira 200 ba, ranar da na je Wapa canji ta haura 1,000. Shekara goma sha biyu yana juya su a shagonsa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna nawa laifin, na sayar da sarƙata da warwaro biyu na cika abin da ya samu.

A lokacin hanyar kakanni ta arewa ba ta biyuwa, an rufe iyakar Nijar tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Sai na bi ta Legas a watan Nuwamba, kwana da wuni a mota, na sauka Agege wajen wata 'yar ƙawar Inna. Ɗana ya bugo ya ce, "Umma, don Allah kada ki shiga Gana da jakar nan." Sai a lokacin na lura da sunan da muke kiran buhun da na zuba tsarabata ciki. Na sake jaka.

Daga Seme zuwa Kwatano zuwa Lome zuwa Aflawo tafiyar ba ta da nisa, tsaye-tsaye ne ke cinye ta. Fasfo na ECOWAS da katin rigakafin shawara duk suna hannuna, amma a wani shinge wani mai kaki ya juya katin nan gaba da baya ya ce hatimin bai fito ba. Wata Hajiya mai safarar atamfa da ke kusa da ni ta zungure ni ta ce, "Sabuwa ce ke, ko? Ninke masa wani abu a ciki hatimi zai fito." Ya kuwa fito. A Togo wayata ta mayar da agogo baya da awa ɗaya, na zauna ina lissafin ko la'asar ta yi. Teku na hagunmu, ban taɓa ganinsa kusa haka ba, ina ta tunanin Baba a bayan akori-kura yana kallon ruwan nan ta ɗaya hannun.

Akara kwana ɗaya na yi a Nima, da safe na hau babbar mota ta Nsawam da Nkawkaw, kafin la'asar muna Kumasi.

Abin da ya fara kama ni Hausarsu ce. Kana jin komai, amma kamar an wanke ta an shanya. Babu ƙa babu ɗa, mace a ce "ya zo", a ce "riga na", a tsoma Turanci da yaren Tonawa a tsakiya ba tare da an ji an yi wani abu ba. Ni kuma da na buɗe baki sai yara su taru, wai in sake faɗin "ƙwarya". Wata mai koko ta ce Hausata irin ta fim ce. A ƙasar mutane na zama abin kallo da harshen da nake taƙama nawa ne.

Kuskuren da na yi ranar farko shi ne ambaton gado. A gindin wani masallaci na gaya wa dattawa ina neman wata Asabe 'yar Bakano, an bar mata gado. Asabe nawa ce a zangon Kumasi? Kafin azahar an kawo mini uku. Ɗaya ta rungume ni tana kuka tana cewa jini ba ya ɓuya, na tambaye ta shekarunta ta ce arba'in, na ce Baba ya bar ƙasar nan shekara 54 da suka wuce, ta share hawaye ta ce to ko zan taimaka mata da na cefane. Na ba ta, don ta sa ni dariyar da na yi wata tara ban yi ba.

Daga nan na kama bakina, na koma bin sunan fatoma. A fadar Sarkin Zango wani dattijo ya san gidan, ya haɗa ni da yaro ya kai ni wajen Alabar. Fatoman ya daɗe da rasuwa, ɗakunan da ake jibge huhun goro yanzu 'yan haya ne a ciki, jikokinsa ba su san komai ba. Kwana uku ina zagaye, kuɗin masauki na tafiya, ƙafafuna sun kumbura. A dare na uku na yi kuka sosai, na ce gobe zan juya. Da safe wata jikar fatoman ta aiko a ce mini akwai tsohuwa a ɗakin ƙarshe, matar ƙanen kakansu, ba ta gani amma kanta garau.

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan Baba da laƙabinsa na kasuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Mai wushirya? Wanda ya bar yarinyar Dagomba da goyo?" Ta ce uwar ta rasu, 'yar tana Aboabo tana sayar da wake da shinkafa, kowa ya san rumfarta. Ta faɗi sunanta. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya, don sunan mahaifiyar Baba ne. Ashe kunya biyu ce ta rufe masa baki, ta 'yar fari da ta sunan uwa.

Na isa wajen ƙarfe tara, layi har bakin kwata. Abincin nan su "wace" suke ce masa, daga wakenmu ne, da karan dafi ake dafa shi ya yi ja, a zuba garin rogo da taliya da ganda da baƙin yaji a naɗe a ganye. Na shiga layi kamar kowa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ƙatuwar tukunya a gabanta, tana yi wa wata yarinya faɗa. Ban kalli fuskarta da farko ba, hannunta na gani. Ɗan ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake ciki, yadda na Baba yake idan yana ƙirga goro biyar-biyar, yadda nawa yake. Da layi ya zo kaina ta ce, "Na nawa?" Na kasa magana. Na ɗora hannuna a kan teburin kusa da nata.

Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce, "Daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Yaya." Ta ci gaba da zuba wa na bayana. Sai da ta sallami mutum biyar ko shida sannan ta ce wa yarinyar ta ba ni benci. A nan na zauna har tukunya ta ƙare wajen sha ɗaya da rabi. Ba ta sake kallona ba, amma an kawo mini abinci da ruwa, kuma da na miƙa kuɗi yarinyar ta ce an hana ta karɓa.

A ɗakinta ta tambaya, "Yana da rai?" Na ce shekara goma sha biyu da rasuwa. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi, yadda ake faɗa idan an ji mutuwar baƙo. Na fara jawabin da na yi ta haddacewa tun daga Kano, na ce mun daɗe muna cewa kin ɓata. Ta katse ni. "Ni ban bata ba. Inda ya ajiye ni, nan nake. Gidan da aka haife ni ga shi can, ko mota ba a hawa."

Ta ba ni nata rabin labarin, ba kuka ba ɗaga murya. Uwarta ta jira shekara huɗu kafin liman ya raba auren. Ta auri wani direba, ta haifi biyar. Ita kuma ta tashi agola, yara suna mata gorin uban da ya gudu. A cikin dangin uwarta ita Bahaushiya ce, a wajen Hausawan zango kuma 'yar Dagomba. An cire ta daga makaranta a aji huɗu ta kama talla. Ranar aurenta mijin uwarta ne ya yi walicci. Duk shekara idan alhazai da 'yan goro suka zo daga Najeriya, uwarta sai ta aike ta ta kai musu abinci ko wani zai ce ya san shi.

Na yi niyyar in rufa wa Inna asiri, in ba da kuɗi in roƙa wa Baba gafara in tafi. Amma da ta ce an rubuta masa takarda ko amsa bai yi ba, sai na ga idan na yi shiru na ɗora wa mamaci kayan da ba nasa ba. Na ciro takardar na faɗi gaskiya. Na zaci hakan zai wanke shi. Ta juya ta a hannu, ba ta iya karanta ajami ba, ta ce, "Takarda ɗaya aka ɓoye. Hanyar fa, ita ma ɓoye ta aka yi?"

Ba ni da amsa, har yau ba ni da ita. Ina son mahaifina, mutum ne mai tausayi da ya ciyar da marayun unguwa, ya je Makka sau biyu, kuma kuɗin kujera ɗaya ya isa ya kai shi Kumasi ya dawo sau goma. Ina jin da farko talauci ne ya hana shi, daga baya kunyar daɗewa, daga baya kuma kunyar ta yi girman da ba ta ɗaukuwa.

Abu ɗaya ne ya karya ta. Ta tambayi yadda yake kiranta. Na ce ba ya kira, na yi mata bayanin ɗan fari, na ce kuma sunan mahaifiyarsa gare ki, duk jikokin da aka sa wa sunan a gidanmu "Hajiya Ƙarama" ake ce musu. Ba ta sani ba. Shekara 55 tana ɗauke da sunan kakarta tana zaton liman ne ya zaɓa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ni ma na rufe tawa.

Kuɗin ba ta karɓa a ɓoye ba. Ta kira limamin unguwa da babban ɗanta, aka ƙirga a gabansu, aka rubuta, na sa hannu ta dangwala. Ta ce haƙƙinta ne, ba za ta yi godiya ba. Washegari ta sayi buhun shinkafa aka yi sadaka, da sunan uwarta.

Kwana tara na ƙara. Ta zaga da ni wajen jikokin baffan Baba a Asawase da Sabon Zango, mutanen da kakanmu ɗaya da su amma wasunsu yaren Tonawa ya fi musu sauƙi a baki. Wani tsoho cikinsu ya lissafo mini kakanni har biyar, biyu daga ciki ko Gwaggo ba ta san su ba, na rubuta a bayan katin rigakafina don shi ne takardar da ke jakata. Duk inda muka shiga sai ta ce, "Kanwa na ne, daga Kano ya zo." Da asuba nakan taya ta tsince wake, tana yi mini dariya wai hannun malaman makaranta bai san aiki ba.

Daren da zan taho na ce ta yafe wa Baba. Ta ce, "Bari tukuna." Na kira Inna a WhatsApp na miƙa mata. Ina jin muryar Inna tana rawa, tana cewa 'yata ki yafe mini don Allah don Annabi. Yaya ta saurara har ta gama, ta ce, "Mma, wanda za ki roƙa yana maƙabartar Tafo." Uwarta take nufi. Ta miƙo mini wayar ta fita tsakar gida.

A tasha da safe ta sa ɗanta ya ɗora mini ƙullin baƙin yaji, da ƙwarya biyu ta farin goro a raba wa maza, da turmin atamfa 'yar Gana mai ruwan bula. Na ce wannan fa? Tana kallon wani wajen ta ce, "Na tsohuwa ne."

Yanzu duk Juma'a tana aiko mini da saƙon murya, rabi gaisuwa rabi ƙorafin tsadar wake. Yaya Babba, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ce wa kowa yaya ba, sai da ya yi wata biyu kafin ya karɓi waya ya gaishe ta, yana ta gyaran murya. Maganar yafiya ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba. Atamfar kuwa na ce a kai wa tela kafin Sallah, Inna ta hana. Ta ninke ta ta sa a ƙasan adaka, daidai inda takardar take a da.